Darasi na 14: Idan Injin Mota Ya Yi Zafi

Mu mutanen Randagi manoma ne. In kaka ta yi, mukan ɗora masara da dawa a mota, mu kai kasuwar Birnin Gwari. Wasu su wuce Funtuwa, wasu su nufi Kaduna ta Udawa da Buruku. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna ya fi kilomita 100, kuma yawancin hanyar daji ne.

Duk mun san wahalar da 'yan bindiga suka ba ƙasar nan. A watan Nuwamba na 2024 aka yi sulhu, har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Amma duk da haka, ba mai son mota ta mace masa a tsakiyar daji da magariba. Abin da ya fi tsayar da motocin kaya kuwa, har da zafin inji. Shi ne makanikai ke kira oba hitin. To, bari mu koyi dalilinsa da maganinsa.

Yadda ruwa ke sanyaya inji

Inji yana ƙona mai a cikinsa, don haka dole ya yi zafi. Shi ya sa aka yi masa hanyoyin ruwa. Famfo yana tura ruwan ya zaga cikin inji, ya kwaso zafi, ya bi ta tiyo ya shiga lagireto. Lagireto shi ne tankin nan mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wanda ke gaban mota. Iska ta ratsa shi, fanka ta ƙara jawo iskar, ruwa ya huce, ya koma cikin inji.

Ruwa yana tafasa a digiri 100. Lafiyayyen inji yana aiki a wajen digiri 90. Murfin lagireto yana danne ruwan, ya hana shi tafasa ko da ya ɗan wuce 100. Ashe murfin nan ba marufi ba ne kawai, aiki yake yi.

Alamun zafi

A gaban direba akwai agogon zafi mai allura. In allura tana tsakiya, lafiya. In ta doshi ja, akwai magana. Wata motar kuma jar fitila ce ke kamawa. Wani lokaci sai mu ga tururi yana fita ta gaba, ko mu ji ƙauri, ko mota ta rasa ƙarfin hawan tudu.

Abin da za a fara yi

Direba ya gangara gefen hanya, ya kashe inji. Kada mu fasinjoji mu ce masa, "Malam direba, daure mu kai gari." Tafiyar mintoci kaɗan da zafi tana iya ƙona gasket, ko ta lanƙwasa kan inji. Sauri ya haifi nawa.

A jira tururi ya lafa, sannan a ɗaga murfin gaba, iska ta shiga. A dakata rabin awa, ko fiye.

Akwai abu biyu da ba a yi. Na ɗaya, kada a buɗe murfin lagireto da zafi. Tafasasshen ruwa zai yi tsiri ya sale wa mutum fuska da hannu. Na biyu, kada a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi. Ƙarfe mai zafi in ya gamu da sanyi farat ɗaya, yana iya tsagewa.

Neman dalili

In inji ya huce, sai a bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

1. Ruwa. A sa tsumma mai kauri a kan murfi, a kau da fuska, a murɗa a hankali. In ruwa ya yi ƙasa, a ƙara kaɗan kaɗan.

2. Yoyo. Ruwa ba ya ɓata haka kawai. A leƙa ƙarƙashin mota, a duba tiyo na sama da na ƙasa, da bakin famfo. In tiyo ya tsage, a ɗaure shi da robar tsohon tif har a kai gareji.

3. Fambel. Shi ne bel ɗin da ke juya fanka da famfo a motoci da yawa. A danna shi da yatsa. In ya saki, a ɗame shi. In ya tsinke, sai an sa wani.

4. Fanka. A ƙananan motoci, lantarki ne ke juya ta. In inji ya yi zafi ba ta tashi ba, a duba fis da waya. A yi nesa da yatsu, gama tana iya tashi da kanta ko an kashe mota.

5. Fuskar lagireto. Da damina laka kan toshe ramukan, da kaka kuma ƙaiƙayi da ƙura. A wanke su, kada a tsokale su da ƙusa.

6. Baƙin mai. A zaro sandar awo a duba. Mai yana rage gogar ƙarfe da ƙarfe. In ya yi ƙasa, zafi ya ƙaru.

7. Lodi. Motar buhu goma in aka ɗora mata ashirin, dole ta wahala. A nan laifin har da mu masu kaya.

In duk waɗannan lafiya suke amma zafi bai daina ba, watakila tamostat ne ya maƙale. Shi wani ɗan bawul ne da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗumama. Wasu sukan cire shi su yar. Abin da ya fi shi ne a sa sabo.

In kuwa muka ga farin hayaƙi mai yawa ta salansa, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, to, gasket ya ƙone. Kada a sake tuƙa motar. Wannan aikin makaniki ne.

Rigakafi ya fi magani

Duk abin da muka lissafa, ana iya duba shi tun a tasha da safe, kafin a ta da inji. Direba ya riƙe jarkar ruwa mai tsabta, da fambel na ajiya. Ruwan rafi mai laka yana toshe lagireto, kada a zuba shi sai da larura. Ruwan nan mai launi da ake sayarwa don lagireto ya fi, domin yana hana tsatsa.

Mu ma kafin mu ɗora buhunanmu, ba laifi mu tambaya cikin ladabi, "Maigida, an duba ruwa da mai?" Gara mu ɓata minti goma a Randagi da mu kwana a daji.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin lagireto?
2. Don me ba a buɗe murfinsa da zafi?
3. Faɗi abu uku da ke sa inji ya yi zafi.
4. Rubuta wannan a littafinka: A duba ruwa tun a tasha.