Kafin Ka Sayi Tsohuwar Subaru WRX, Leƙa Ƙarƙashinta

'Yan'uwa masu sha'awar motocin gudu, ga shawara daga bakanike. Subaru Impreza WRX ta fito a Japan a 1992, kuma da Impreza ne Colin McRae ya zama zakaran tseren rali na duniya a 1995. Abin da ya ɗaga sunanta shi ne inji mai turbo da ke tura tayoyi huɗu lokaci guda. Nan ne kuma aljihun mai ita ke shan wuya idan ta tsufa.

Yawancin waɗanda ake kawo mana gareji, rashin sani ne ya kashe su. Tayoyinta huɗu dole su zama iri ɗaya, girma ɗaya, cinyewarsu ɗaya. Idan ka sa sabuwa guda a cikin tsofaffi uku, na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya za ta yi ta aiki ba hutu, ta ɗau zafi, ta lalace. Alamar lalacewar ita ce motar ta riƙa cijewa idan ka murɗa sitiyari har ƙarshe kana tafiya a hankali. Haka nan, idan ta mutu a hanya, kada janwe ya ja ta da tayoyi biyu a ƙasa. A ɗora ta ɗungurungum.

In za ka saya, sa a ɗaga ta. Wasu sukan cire furofela don ɓoye matsala, su sayar maka da mota mai jan ƙafa biyu a kuɗin mai huɗu. Duba sitiyari: wadda aka ƙera don kasuwar Japan na dama gare ta, kuma juyin sitiyari zuwa hagu da ba a yi da kyau ba hatsari ne. Nemi a tayar da injin yana sanyi. Shuɗin hayaƙi yana nufin tana shan baƙin mai, ƙwanƙwasa daga ƙasan inji kuwa kuɗi ne mai yawa. Tambayi lokacin da aka sauya bel ɗin tamin, don idan ya tsinke fistin zai daki bawul. In babu shaida, sauya shi tun kafin ka fara hawa.

Bayan ta zama taka, auna baƙin mai kowane mako. Sha fetur a gidan mai da ka amince da shi, domin turbo ba ya jure gurɓataccen mai. Da hunturu, yawaita duba matatar iska saboda ƙura. Kada ka yarda a cire mata tamostat. Bayan doguwar tafiya, bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe.

Kayan gyaranta ba su wadata kamar na Toyota ba, sau da yawa sai an yi oda. Don Allah, wanda bai tanadi kuɗin kula da ita ba, ya haƙura da sayenta har sai ya shirya.