Ɗinkin Jijiyar Saƙo da Taimakon Kwamfuta

Gabatarwa

Kalmar jijiya a Hausa faɗi gare ta, domin da hanyar jini, da igiyar da ke jan ƙashi, da wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, duk jijiya muke ce musu. Wannan maƙala za ta tsaya ne a kan ta ukun, wato jijiyar saƙo, don a ga yadda ake ɗinke ta idan ta tsinke, da irin gudummawar da kwamfuta ke bayarwa.

Yadda Matsalar Take

Mu ɗauki misalin mai yankan gilashi a unguwar Ajiya cikin Jimeta, ko manomin shinkafa a Tafkin Geriyo wanda lauje ya sara a wuyan hannu. An tsayar da jini, an ɗinke fata, rauni ya warke, amma yatsu sun daina jin zafi da sanyi, allura ma ta gagari ɗauka. A nan jijiyar saƙo ce ta yanke. Tun a 1850 Augustus Waller na Ingila ya nuna cewa sashen da ya rabu da tushensa lalacewa yake yi. Sai dai jijiyar kan sake toho, tana tafiyar milimita 1 a rana bisa ƙiyasi. Ke nan tazarar santimita 18 za ta ci kimanin wata 6. Tsoka kuwa, idan ta yi wata 12 zuwa 18 ba ta sami saƙo ba, da wuya ta farfaɗo.

Dashen Jijiya

Idan bakunan biyu suna kusa, likita kan haɗa su da zaren da bai kai gashin kai kauri ba. Idan kuwa akwai giɓi, jawo su da ƙarfi ɓarna ce. A 1973 Lundborg da Rydevik na ƙasar Suwidin sun gwada a jikin zomo, suka ga cewa miƙa jijiya da kashi 8 cikin 100 na tsawonta yana rage gudun jini a cikinta, a kashi 15 kuwa jinin kan tsaya cik. Shi ya sa Hanno Millesi na birnin Biyana ya yaɗa dabarar dashe a shekarun 1970: a ciro wata jijiya da ke bayan ƙwauri, a cike giɓin da ita, ta zama gada da sabon toho zai bi. Asarar da mutum kan yi ita ce rashin ji a gefen ƙafa.

Ina Kwamfuta Ta Shigo?

Hannu ba ya zama wuri guda. Duk sa'ad da aka lanƙwasa gwiwar hannu ko aka miƙe ta, jijiya kan zame, ta miƙe, ɗinkin kuma ya sha ja. Wannan ƙarfi ba a ganin sa da ido, ba kuma a iya saka ma'auni cikin jikin majinyaci. Don haka masana suka ari dabarar injiniyoyi masu gina gada da jirgin sama, wadda Ray Clough na Amurka ya raɗa wa suna a 1960. A Hausa za mu iya kiran ta lissafin gutsure-gutsure. Matakanta uku ne:

1. A zana surar jijiya da dashen da zaren a kwamfuta, a rarraba ta zuwa dubban ƙananan gidaje kamar ragar masunta na Kogin Binuwai.
2. A gaya wa kwamfuta taurin kowane sashe, da iya miƙewarsa.
3. A ja surar kamar yadda motsin hannu zai ja ta, kwamfuta ta lissafa nauyin da ya faɗa wa kowane gida, ta nuna shi da launi.

Abin da kan fito fili shi ne, nauyi ba ya rabuwa daidai. Taruwa yake yi inda zare ya huda. Ƙara yawan ɗinki yana raba nauyin, amma kowace huda rauni ce mai barin tabo, tabo kuwa yana tare toho. Haka nan idan dashen ya yi gajarta ɗinki zai sha ja, idan ya yi tsawo ainun tafiyar toho ta ƙaru. Kwamfuta na ba da damar gwada waɗannan duka sau ɗari ba tare da an taɓa ɗan Adam ba. Amma fa abin da aka ba ta shi take tauna: yawancin ma'aunan daga dabbobi da gawa aka samo su, don haka ba ta maye gurbin idon likita ba.

Kammalawa

Adamawa ba baƙuwar ciwon jijiya ba ce, domin kuturtar da aka daɗe ana jinya a Garkida ita ma jijiyoyin saƙo take ci. Ga Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha, ga kuma asibitin koyarwarta a Yola. Injiniya da likita suna gari ɗaya, saura haɗa kai. Mu ɗaliban Hausa namu shi ne samar da kalmomi, don majinyaci ya fahimci abin da ake faɗa masa. Ga jama'a kuwa, duk wanda ya yanke ya ji yatsa ta mutu, to ya garzaya asibiti, kada ya tsaya ga ɗinkin fata kawai. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.