Darasi na 14: Ɓawon Wata

In mace ta dama kunu ta ajiye, jim kaɗan sai ya yi yana a sama. To, haka wata ya yi. Masana sun ce da fari bisansa duk narkakken dutse ne, ja wur kamar ƙarfe a maƙera. Da ya fara hucewa sai duwatsu masu nauyi suka nutse, marasa nauyi suka taso sama suka daskare. Wannan daskararren dutse shi ne ɓawon wata.

Kaurinsa a tsakaice wajen kilomita 40 ne, wato mil 25. Bai kai tafiyar Birnin Kudu zuwa Gwaram ba.

Na san wani a ajin nan zai ce, "Malam, wa ya haƙa ya gani?" Tambaya ce mai kyau, kada a yi masa dariya. Ba wanda ya haƙa. Amma ku tuna da mai sayen tukunya a kasuwar Gwaram. Ba ta fasa tukunya don ta san lafiyarta, ƙwanƙwasawa take yi ta saurara. Duwatsun kiɗa na Birnin Kudu ma, kowanne da irin amonsa. Daga 1969 zuwa 1972 mutanen Amurka da suka sauka a wata sun bar na'urori masu jin girgizar ƙasa. Ta yadda girgizar ke ratsa dutse aka gane kaurinsa. A 2012 kuma waɗansu kumbo biyu suka yi ta kewaya wata, suka sake aunawa.

Abin mamaki, kaurin ba ɗaya ba ne. Wata fuska guda yake nuna mana kullum. Wadda kuka gani ran jajiberen azumi, ita kakanninku suka gani. Bayansa kuwa ba a taɓa gani ba sai 1959, da kumbon Rasha ya ɗauko hotonsa. A can baya ɓawon ya fi kauri, wani wurin ya kai kilomita 60.

Me ya sa? Masana suna gardama har yanzu. Waɗansu sun ce sa'ad da wata ke hucewa duniyarmu tana da zafi ƙwarai, tana kusa da shi kuma. Ku dubi mai jin wuta da hunturu: gabansa zafi, bayansa sanyi. Bayan wata ne ya riga hucewa, saboda haka ya fi tara ɓawo. Ni wannan magana ta fi shiga kaina.

Akwai kuma manyan duwatsu da suka faɗo wa wata daga sarari, suka haƙa ramuka, suka rage ɓawon. A ramukan fuskar da muke gani narkakken dutse ya ɓullo daga ƙasa ya cika su. Shi ne baƙin tabon nan da kuke gani ran sha huɗu ga wata.

Kowa ya rubuta a littafinsa: wata, ɓawo, kauri, yana, dutse. A lura da ƙugiyar ɓ.