Kafin ka yi wa filash ɗinka fomat

Da zarar zangon karatu ya zo ƙarshe, ɗalibai suka fara rububin buga furojet, kuka iri ɗaya ne ke cika shagona. Ko daga Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada aka fito, ko daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke hanyar Ashaka, maganar ɗaya ce: "Malam, bairos ya cinye min aikina." Na gaji da jin wannan magana, domin yawanci babu abin da aka cinye. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, kafin su iso wurina wani ya riga ya ba su shawarar su yi wa filash fomat.

Matsalar iri biyu ce. Ta farko daga mai aikin take. Ya ga alama a fuskar kwamfutarsa ɗauke da sunan furojet, ya kwafe ta zuwa filash, ya nufi shagon buga takardu. Bai lura da 'yar kibiyar da ke gindin alamar daga hagu ba. Wannan shotkat ne, ba fayil ɗin ba. Kwatancen gida ne aka rubuta a takarda: ko ka kai takardar Bauchi, gidan yana nan Pantami. Abin da ke cikinsa adireshi ne kawai, kamar C:\Users\HP\Documents\furojet.docx, wato faifan C, sai folda cikin folda har a kai ga fayil. Kwamfutar shago ta bi adireshin, ba ta tarar da komai a nata faifan ba, ta ce babu. Haka ma idan filash ɗin da yake E a wurinka ya koma F a wata kwamfutar, adireshin yana iya karyewa.

Dubi girman abin da ka kwafa. Idan ka ga 1KB ko 2KB, furojet mai babi biyar bai taɓa zama haka ba. Koma kan kwamfutarka, danna alamar da maɓallin dama, zaɓi Open file location, zai kai ka inda ainihin fayil ɗin yake. Shi za ka kwafa.

Ta biyun ce ke da bairos da gaske, kuma a nan ake tafka asara. Ka sa filash a kwamfutar da ta kamu, ka dawo gida ka ga duk foldodinka sun zama masu kibiya. Bairos ɗin bai goge komai ba. Ɓoye foldodin ya yi, ya ajiye shotkat masu sunayensu domin ka danna, shi kuma ya shige kwamfutarka. Shaida kuwa tana hannunka: duba Properties na filash ɗin, za ka ga wurin da kayanka suka ci yana nan a cike.

Saboda haka kada ka danna ko ɗaya, kuma kada ka yi fomat. Na sake faɗa, kada ka yi fomat. Wanda ya ce maka fomat ne maganin wannan ciwo, bai san aikin ba ko kuma yana sauri ya sallame ka. Da hannunka za ka goge aikin da bairos ya bari lafiya lau. Fomat na gaggawa akan iya ceto wani abu bayansa, matuƙar ba a zuba sabbin kaya a kai ba. Cikakken fomat kuwa, tun daga Windows Vista, sifiri yake bi yana rubutawa a kan komai. Wannan ko ni ba ni da yadda zan yi da shi, kuma na ga ɗaliban da suka sake buga aikin shekara guda daga farko saboda wannan shawara.

Ga abin yi. Nemi kwamfuta mai tsabta, domin wadda ta kamu sake ɓoye foldodin za ta yi. Duba harafin filash ɗin, a ce E ne. Buɗe cmd ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* sannan ka danna Enter. Foldodin za su bayyana, wani lokaci a cikin wata folda marar suna. Kwashe kayanka zuwa kwamfutar, ka bincike su da Microsoft Defender, ka bar masu kibiyar da duk wani baƙon fayil mai ƙarewa da .vbs a inda suke. Sai a lokacin ne fomat ya halatta.

Masu shagunan buga takardu kuma, ku ji tsoron Allah. Da yawanku har yau Windows 7 kuke amfani da shi, wanda Microsoft ya daina kula da tsaronsa tun Janairun 2020. Wasu kuma sun kashe rigakafin kwamfutar saboda manhajojin sata da suka zuba. Filash na shiga yana fita tun safe har dare, kowanne ya ɗauki cutar ya kai gida, ku kuma kun karɓi kuɗinku. Wannan cutar da jama'a ne.

Ɗalibi, in za ka je buga aiki, mayar da shi PDF ka tura wa mai shago ta imel ko WhatsApp, ka bar filash ɗinka a gida. Kuma duk daren da ka taɓa furojet ɗinka, ka tura wa kanka kwafi ta imel kafin ka kwanta.