Amsoshin Tambayoyinku: A wane rukunin sana'a ake sanya gidajen rediyo?

An sanya gidajen rediyo cikin sashen watsa labarai da sadarwa a bugun 2008 na tsarin ISIC, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta samar domin ƙasashe su riƙa ƙididdige ayyukan tattalin arziki da ma'auni ɗaya. A wannan bugun, lambar watsa shirye-shiryen rediyo ita ce 6010, talabijin kuwa 6020.

Abin da ake dubawa shi ne babban aikin da tashar ke yi: tsara shirye-shirye da aika sauti ga jama'a, ta zangon AM ne, FM, gajeren zango ko intanet. Saboda haka kamfanin da ke ƙera akwatunan rediyo ba ya cikin wannan rukuni, yana can tare da masana'antu. Haka ma ɗakin da ake naɗar waƙa ko wasan kwaikwayo a sayar wa tashoshi, lambarsa daban ce. Wannan rarrabewa na da amfani ƙwarai, domin da ita ake sanin yawan ma'aikata da kuɗin da harkar ke samarwa.

Amurka, Kanada da Meziko suna da nasu tsarin, NAICS, tun 1997.

Rabon lasisi kuma wani abu ne daban. A Najeriya, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, da aka kafa a 1992 ce ke bambanta tashoshin gwamnati, na kasuwanci, na al'umma da na jami'o'i. Raypower ta Legas, wadda ta fara aiki a 1994, ita ce tashar rediyo mai zaman kanta ta farko a ƙasar.