Taya, batir da kuɗin mai: lissafin da ya kamata a yi kafin sayen abin hawa mai lantarki

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, hirar direbobi da 'yan acaɓa ta koma kan shan mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta zarce 1,000 a gidajen mai da dama. A Tashar Yari, da kasuwar Makarfi, da Hunkuyi, da cikin garin Ikara, duk mai ɗaukar rake ko tumatir ko fasinja ya ji a jikinsa. Shi ya sa bidiyon motoci da babura masu lantarki ke yawo a TikTok da Facebook, ana cewa an huta da gidan mai. Sai dai a ƙarƙashin bidiyon akwai masu ƙorafin cewa motar lantarki tana cin taya, kuma nisan da aka ce batir zai kai ba ya kaiwa. Wannan darasi zai duba gaskiyar ƙorafin, sannan ya nuna yadda mai waya zai yi lissafin da kansa kafin ya zuba jarinsa.

Ina aka kwana a Najeriya?

A ƙarshen 2020 kamfanin Stallion ya fito da Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas. A 2021 hukumar NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu ɗan Sakkwato, wanda ya zana Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri kuwa, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan motocin bas yana mayar da su masu batir. Duk da haka motar lantarki ba ta yawaita a arewacin Kaduna ba. Abin da ya fi kusa da aljihun matashi shi ne babur da keke mai ƙafa uku. Dokar da ke cin taya da batir iri ɗaya ce a kan dukkansu.

Yunit nawa ne a cikin batir?

Yunit ɗin da ake saya a mitar gida shi ne ma'aunin da ake auna batirin mota da shi. Batirin waya mai 5,000mAh yana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin 50 na yunit, wato yunit ɗaya zai cika waya kusan sau 50. Babbar Kona tana da batir mai yunit 64, daidai da wayoyi sama da 3,000. A babur kuma ana ninka lambobi biyun da ke jikin batir: 72V sau 20Ah ya ba da 1,440, a raba da 1,000, ya zama yunit 1.44.

Litar fetur ɗaya tana ɗauke da ƙarfin kusan yunit 9, amma injin fetur yana zubar da mafi yawansa a zafi da hayaƙi. Abin da ke isa taya bai cika wuce kashi 30 cikin 100 ba. Injin lantarki yana isar da sama da kashi 75. Asalin rangwamen ke nan.

Me ya sa take cin taya?

Dalili na farko nauyi ne. Kona mai babban batir ta kusa kilo 1,700, 'yar uwarta mai fetur kuma tana wajen kilo 1,300. Bambancin ya kai buhu uku zuwa huɗu na masara da motar ke yawo da su kullum, ko da babu kowa a ciki sai direba. A kowace kwana da kowane birki, taya ce ke ɗaukar wannan kaya.

Na biyu shi ne yadda ƙarfi ke zuwa. Injin fetur sai ya ɗau wuta a hankali, ana sauya giya. Injin lantarki yana sakin ƙarfinsa gaba ɗaya daga tsaye. Ƙarfin murɗa taya na Kona 395 ne a ma'aunin Nm, na Corolla mai injin 1.8 kuma kusan 170. Duk lokacin da aka fizgi mota daga tsaye, roba tana gogar kwalta tana raguwa, ko da ba a ji ƙara ba. Shirun injin ma yana yaudarar direba, don ba ya jin yana takura wa motar.

Na uku shi ne birkin da ke mayar da wuta. Idan aka ɗaga ƙafa daga totur, injin yana riƙe motar yana mayar da wuta cikin batir. Wannan yana ceton birki, amma tayoyin da ke jan motar su ne kuma ke tsayar da ita. A motar da ke ja da gaba kamar Kona, tayoyin gaba za su riga na baya suɗewa.

Kamfanin Michelin ya ce a matsakaici tayar motar lantarki tana ƙarewa da sauri da kusan kashi 20 cikin 100. Ƙorafin gaskiya ne, amma ba ninki biyu ba ne kamar yadda wasu ke yaɗawa, sai fa ga mai ganganci da totur.

Hanyoyinmu da yanayinmu

Babbar hanyar Zariya zuwa Kano daban, hanyar birji ta shiga gonakin rake da inabi na Kudan daban. Mota mai nauyi idan ta faɗa rami da gudu, gefen taya yana matsewa tsakanin rim da bakin rami, zaren ciki ya tsinke, ƙullutu ya fito. Tayar da ta yi ƙullutu ba ta gyaruwa, sai sauyi. Ramin kan kuma karkatar da saitin ƙafa, sai a ga taya tana cinyewa ta gefe ɗaya.

Iskar taya tana bin zafi: duk sauyin digiri 5 zuwa 6 yana ƙara ko rage kusan PSI ɗaya. Da sanyin asuba na hunturu iska kan sauka, a zafin Maris da Afrilu kuma ta hau. Wasu direbobi kan rage iska da rana don gudun fashewa. Wannan kuskure ne, domin taya mai ƙarancin iska ita ce ke lanƙwasa tana ɗaukar zafi har ta fashe. Kuma tana jan mota baya, ta ƙara shan mai ko batir.

Akwai kuma gudu. Turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu. Motar fetur ta fi ɓarna a cunkoson gari, ita kuwa ta lantarki ta fi ɓarna a kan babbar hanya. Wanda ya taka kilomita 120 a awa daga Tashar Yari zuwa Kwanar Dangora, da na'urar sanyi a kunne, kada ya yi mamaki idan batir ya sauka fiye da abin da aka rubuta a talla.

Lissafin mota, kilomita 100

Farashin da ke ƙasa misali ne kawai. Kowa ya cire shi ya sa na yau a kalkuletar wayarsa.

A ɗauka motar fetur tana shan lita 8 a kilomita 100, lita naira 900. Kuɗin mai ya kama 7,200. A ɗauka tayoyi huɗu sun ci naira 320,000 kuma suna yin kilomita 40,000, wato naira 800 a kowane kilomita 100. Jimla 8,000.

Motar lantarki mai irin wannan girma tana cin kusan yunit 17, amma caja da batir suna zubar da wani abu a zafi, don haka a lissafa yunit 20 daga mita. A watan Afrilu 2024 hukumar NERC ta sa yunit na rukunin Band A a naira 225. Da wannan farashi, caji ya kama 4,500. Idan tayoyin sun tsaya a kilomita 32,000, kuɗinsu ya zama 1,000. Jimla 5,500.

Ƙarin cin tayar naira 200 ne kacal, rangwamen mai kuma 2,700. Ashe taya ba ita ce babbar matsala ba.

Babbar matsalar ita ce inda wutar za ta fito. Band A na layukan da aka yi wa alkawarin awa 20 ne a rana; sauran rukunan sun fi arha, amma wutarsu ta fi ƙaranci. A watan Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi kwanaki babu wuta bayan lalacewar manyan layuka, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Idan aka koma janareta, ƙaramin janaretan fetur da ƙyar yake fitar da yunit 2 daga lita ɗaya. Yunit 20 na buƙatar lita 10, wato naira 9,000, da taya 10,000. A nan motar lantarki ta fi ta fetur tsada. Wanda ba shi da tsayayyiyar wuta ko sola mai ƙarfi, ya sake tunani.

Lissafin babur

A ɗauka babur irin Boxer yana yin kilomita 45 da lita ɗaya. Kilomita 100 zai ci kusan naira 2,000, ban da baƙin mai da filogi. Babur mai batir 72V 20Ah, idan cika ɗaya yana kai shi kilomita 50, zai ja kusan yunit 3.6 daga mita a kilomita 100, wato kimanin naira 800.

Amma batir yana mutuwa. Yawancin babura masu arha suna zuwa da batirin dalma, wanda ke ɗaukar caji sau 300 zuwa 500, kuma zafi da barinsa ya ƙare ƙarƙaf suna rage masa kwana. Idan sabon saiti ya kai naira 150,000 kuma ya yi caji 300, ya yi tafiyar kilomita 15,000 ke nan, wato naira 1,000 a kowane kilomita 100. Jimla ta koma 1,800, kusan kunnen doki da Boxer. Batirin lithium nau'in LFP ya fi tsada a ranar saye, amma yana iya haura caji 2,000. Don haka tambayar farko ga mai shago ita ce wane irin batir ne a ciki, kuma nawa ne sabonsa. Kwandunan tumatir ko damin rake a baya suna rage nisan da batir zai kai, kuma suna ɗora wa tayar baya nauyi a kan wanda take da shi.

Yadda ake karanta jikin taya

A gefen taya akwai rubutu kamar 215/55 R17 94V. Lambar 94 tana nuna nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka: 91 na nufin kilo 615, 94 kuma kilo 670. Kada a sa wa mota mai batir tayar da lambarta ta gaza wadda kamfani ya rubuta. Alamar XL tana nufin an ƙarfafa tayar don ƙarin kaya.

Bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwar taya: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robarta ta bushe ta fara tsatstsagewa. Arha ce da ba ta ado, musamman a ƙarƙashin mota mai nauyi. A cikin ramin zanen kuma akwai ɗan tudu mai tsayin milimita 1.6. Idan zanen ya yi daidai da shi, taya ta gama aiki.

Abin yi a aikace

A sayi ƙaramin gejin iska na kai, domin gejin mai faci ba kullum yake faɗin gaskiya ba. A auna da safe kafin a hau hanya, aƙalla sau biyu a wata, a bi lambar da ke manne a bakin ƙofar direba. Lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba ita ake bi ba. Akwai kuma ƙananan murafen bawul masu Bluetooth da ke tura ma'aunin iska kai tsaye zuwa waya.

A riƙa sauya wa tayoyi wuri, na gaba su koma baya, duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. Bayan faɗawa babban rami a je a duba saitin ƙafa. A tashi daga tsaye a hankali, a yi amfani da tsarin Eco idan akwai shi. Wannan kaɗai yana ceton taya da batir a lokaci guda.

Daga ƙarshe a ajiye rubutu. Manhajoji irin su Fuelio da Drivvo suna lissafa kuɗin kowane kilomita, Google Sheets ma ya wadatar. Wanda ke tunanin sayen abin hawa mai lantarki ya fara da wanda yake hawa yanzu: ya rubuta lambar kilomita da kuɗin mai na wata guda, ya kuma rubuta awa nawa aka kawo wuta gidansu kowace rana. A ƙarshen wata ya sa waɗannan lambobi cikin lissafin da ke sama, ya haɗa da kuɗin sabon batir, sannan ya nufi shago.