Ƙarin fil a soket ɗin ƙwaƙwalwar mota: abin da za a yi da wanda ba za a yi ba

Idan an sauya inji, ko ana son ɗora wa mota na'urar da ba ta zo da ita ba, mai wayarin kan tarar da ramin a soket ɗin ƙwaƙwalwa amma babu fil a ciki. Nan ake ƙona motocin mutane, kuma garaje ne ke ƙona su.

Kashe mota, zare makulli, cire kan batir na nagetif. Babu jayayya a nan.

Kada ka yi aiki da ka. Nemo zanen wayarin wannan motar, na shekararta da injinta da ƙasar da aka ƙera ta dominta. Corolla ta 2005 ƙwaƙwalwarta tana bayan akwatin dashbod, ta 2010 kuwa tana gaba wurin inji, soket ɗinsu ma ba ɗaya ba ne. Launin waya ba hujja ba ne. Sannan ka tabbatar ta wane gefe aka jera lambobin, gefen da wayoyi ke shiga ko fuskar soket. Wanda ya juya wannan zai ƙirga daga dama a inda ya kamata ya fara daga hagu, ya kai wutar batir mai bolt 12 kan layin sansa mai bolt 5. Shi ke nan, sai sayen wata ƙwaƙwalwar, da biyan mai kwamfuta ya daidaita ta da makulli.

Kada ka ce ai fil duk fil ne. Akwai mai faɗin milimita 0.64, akwai 1.0, akwai 2.3, kuma ƙirar Yazaki daban, ta Sumitomo daban. Mai ruwan zinariya ba a haɗa shi da mai ruwan kuza. In sabo ya gagara, je kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ka sayi tsohon soket irin na motar, ka zare fil ɗin da wayarsa mai tsawo.

Ɗaga makullin roba na soket kafin ka tura. Fil ya shiga da sauƙi har ka ji ƙas. In ya cije, ka juya shi ne, ko ba nasa ba ne. Kada ka danna da sukundireba. Ja wayar a hankali ka ga ta kama, sannan ka mayar da makullin.

Filaya ba ta matse fil. Yi amfani da abin matsewar da aka yi dominsa: fikafikan fil na gaba su rungumi tagulla, na baya su riƙe roba. Kada ka zuba dalma a kai, domin tana sandarar da waya, girgizar hanya ta karya ta, motar ta riƙa mutuwa tana tashi, a yi ta zargin famfon mai.

Kada ka warware wayoyi biyun nan da aka murɗe tare, na layin CAN. Murɗin ne ke kare saƙo. Kada ka cusa tsinken mita ta fuskar soket, bakin fil zai buɗe. Kwan gwaji kuwa, nesanta shi da ƙwaƙwalwa.

Soket ɗin da ke wurin inji, sa wa sabuwar wayar robar hana ruwa, ramin da ka buɗe bisa kuskure ka toshe shi. Auna layin da mita daga kai zuwa kai kafin ka mayar da batir, kuma ka rubuta wa mai mota lambar ramin da ka ƙara.